Ƙarar da Baba Bai Ji Ba

A gidanmu ba a kai mota wurin wani makaniki. Kina iya auren wanda Baba bai so ba, ya yi 'yan kwanaki yana ɗaure fuska ya huce, amma ki bar wani ya sa sifana a motarki, to ki nemi wani uban. Kuma abin ba ya ɓoyuwa. Yana ɗaga bonet zai kalli noti guda ya ce, "Wannan ba ɗaurina ba ne," ya sauke bonet ɗin a hankali, ya koma kujerarsa ya bar mutum tsaye da makulli a hannu.

Garejin nasa rumfar kwano ce a jikin gidanmu, tana kallon titi. Mota biyu take ci in an matsa. Akwai rami a tsakiya da yake rufewa da katakai, da teburin ƙarfe, da bangon da ya zana siffar kowace sifana da farin fenti, don in ɗaya ta ɓata inuwarta ta tona asirin wanda ya ɗauka. Tagar kicin ɗin Umma a cikin rumfar take buɗewa, saboda haka tun muna yara shayinmu da ɗan ƙanshin baƙin mai yake zuwa, kuma har yau in na sha na wani gida sai in ji kamar an manta wani abu.

Mutanen layin kuwa, Mai Kunne suke ce masa. Mota na shigowa, kafin mai ita ya gama sallama, Baba daga kan kujera zai faɗa masa abin da ya kawo shi. In abin ya ɗan yi zurfi sai ya ɗauko doguwar sukundirebarsa mai ƙotar katako, ya ɗora bakinta a jikin injin, ya manna ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido. Ƙotar ta yi baƙi ta yi sulɓi saboda shekarun da ta yi tana gogar kunnen nan. Ba wanda ke taɓa ta. Na taɓa buɗe gwangwanin madara da ita ina ƙarama, kuma ba na son tuna yadda ranar ta ƙare.

A ɗaya gefen titin abokinsa Mai Faci yake, a gindin bango, rana ta doke shi ruwa ya doke shi. Tun kafin a haife ni yake yi wa rumfar Baba kallon sha'awa, kuma tsokanarsu ɗaya ce kullum.

"Mai Kunne, yaushe za ka kurumce ne in samu inuwa?"

Baba kuma ya ce, "Ranar da inji ya yi magana ban ji ba, ranar zan kulle rumfar nan in miƙa makulli. Ba zan tsaya ina lalube a motar mutane ba."

Dariya ake yi a wuce. Mu da muka san shi dariyar tamu ba ta kai ciki, domin Baba mutum ne da in ya ce zai zo da safe, ko ana ruwan ƙanƙara za ki gan shi a ƙofa. Magana zarar bunu ce, tasa kuwa ya zare ta a gaban duk layin, ba sau ɗaya ba.

Abin ya fara ne da rediyo. Ya riƙa ƙara mata murya har maƙwabta suka daina kunna tasu. Sai ya koma amsa komai da "Madalla." Na ce masa an kwantar da abokiyar aikina a asibiti, ya ce madalla. Ni a ɗakin ba da magani na asibitin nake aiki, likitan kunne kuwa ƙofarsa na kallon tamu, don haka wata rana muna cin abinci na buɗe baki zan kawo maganar. Umma ta taka min ƙafa, takun da na yi kwanaki ina ɗingishinsa. A kicin ta ja ni gefe.

"Auta, ke ba ki da hankali ne? In likita ya ce masa ba ya ji, washegari makullin nan yana hannun Mai Faci. Sai ya zauna a ɗaki ya yi me? Mutumin da ko ranar hutu sai ya fita ya shafa sifanu?"

Gaskiya ta faɗa. Na san irin mazan da ake raba su da aikinsu, ina ganinsu a layin karɓar magani, cikin wata kaɗan sun zama wasu mutane. Tsoron da ke cin mu ke nan, ni da ita.

Sai Umma ta ɓullo da tata dabarar. Mota na shigowa da ƙara, sai ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta tsaya daidai gaban Baba inda zai ga bakinta, ta hau faɗa.

"Malam, don Allah a kashe wannan abu! Tana ta kuka kamar ƙyauren da ba mai, daga gaba ta gefen dama, in an taka kuma sai ya ƙaru!"

Baba ya gyaɗa kai ya ce wa mai motar, "Bel ɗinka ne," ya tashi ya ɗauko sifana. Haka Umma, matar da ko kaza ba ta iya kora da tsawa, ta yi suna a layinmu da masifa. Masu motoci suna tausaya wa Baba, har wani ya taɓa ba shi haƙuri a ɓoye. Ita ko a jikinta.

Motata ƙarama ce, tsohuwa, Baba ne ya zaɓa min ita kuma shi ya raɗa mata Akuya, wai ba inda ba ta hawa kuma ba abin da ba ta ci. Wata safiya na murɗa makulli sai ta kama: tak-tak-tak-tak, da ƙarfi, har mijina ya leƙo ta taga da burushi a baki. In na taka totur sai ƙarar ta yi sauri, in na saki ta rage gudu. Na kira Umma a waya.

Ta ce, "Ki kawo ta in ji da kunnena, sai in san yadda zan yi faɗan."

Na kawo ta. Tsakanin gidana da nasu akwai tafiya, kuma kafin in iso Akuya ta yi tsit. Ta shiga rumfa tana numfashi lafiya lau, Umma na tsaye a taga da ludayi ta ɗaura ɗamarar masifa, ba abin yi wa masifa. Baba daga kan kujera ya ce, "Lafiyarta ƙalau," kuma a lokacin ba ƙarya ya yi ba. Washegari da safe ta sake kamawa. Na sake kawo ta, ta sake yin shiru. Na ce wa Umma wannan mota ta fi ni ladabi, ba ta ɗaga murya a gaban Baba. Muka yi dariya, muka ɗauki abin wata rahama ce. Wurin wani makaniki ba ta kaiwuwa, wurin Baba ba ta magana, sai na bar ta. Kullum da safe in yi tafiyar farko cikin kunya, ina sunkuyar da kai a gaban masu gadi, zuwa rabin hanya ta yi shiru. Na riƙa isa wurin aiki da ciwon kai, na ɗora wa rashin barci.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wata yamma na je gaishe su, aka tsuge da ruwa, Baba ya ce ba inda zan je da waɗannan tayoyin, in shigar da Akuya rumfa in kwana. Muka kalli juna ni da Umma. Muka shirya cewa da safe za ta tsare shi a ɗaki da shayi da burodi, ni kuwa in zame in tada mota in gudu.

Mun manta da wa muke yi. Ina fitowa da jakata na same shi a rumfa, ya buɗe ƙofa, ya goge min gilashi, ya duba iskar tayoyi, yana tsaye da tsumma a kafaɗa yana jirana. Umma tana can ciki tana haɗa shayin da za ta tsare shi da shi. Mai Faci a ƙetare yana fito da kayansa.

Baba ya ce, "Tada ta mana, ta ɗan yi zafi kafin ki fita."

Na ce, "Baba, bari in sha shayi tukuna."

"Madalla. Tada ta."

Na shiga, na yi addu'ar duk da na iya, na murɗa. A ƙarƙashin kwano ƙarar ta ninka kanta. Tak-tak-tak-tak, kamar ana ɗinki da ƙarfe. Kyanwar da ke kwana a kan teburin ta yi tsalle ta bi ta ƙasan ƙofa. Wata mata da ke wucewa da ɗiyarta ta juyo, yarinyar ta toshe kunnuwa da hannu biyu.

Baba ya karkata kai yadda ya saba, ya lumshe ido, ya yi murmushi. Ya daki gefen motar da tafin hannu ya ce, da ƙarfi yadda duk layin zai ji, "Ka ji inji! Kamar agogo."

Da ya buɗe ido ne ya ga yarinyar da hannuwanta a kunne. Ya dubi ƙetaren titi. Mai Faci, wanda bai taɓa barin damar tsokana ta wuce shi ba, ya sunkuya yana ta kallon wata taya kamar yau ya fara ganin taya. Wannan sunkuyon ne ya gama faɗa masa. Sai ya juyo ya dube ni ta gilashi, ni kuwa fuskata ba ta iya riƙe sirri, tun ina yarinya ake kama ni da ita. Na kashe motar.

Ya ce, "Tana ƙara?"

Na gyaɗa kai.

"Da ƙarfi?"

Na sake gyaɗawa. Wallahi da a mare ni ya fi min sauƙi.

Bai yi faɗa ba. Ya cire tsumman daga kafaɗarsa ya ninke shi, ya ajiye a kan tebur. Ya ɗauko doguwar sukundirebar ya rataye ta a ƙusarta, a kan inuwarta ta fenti. Ya sa hannu a aljihu ya fito da makullin rumfa, mai igiyar fata da ta tsufa tare da shi, ya nufi titi. Mai Faci ya hango shi, ya miƙe yana girgiza kai yana ja da baya, ya ɓoye hannuwansa biyu a bayansa kamar za a ba shi garwashi.

A nan Umma ta fito da faranti. Ta ji ƙarar tun daga ciki, kallo ɗaya ta yi mana ta san an yi ɓarin da ba ya kwasuwa. Ta dire farantin a kan katakan rami, ta sha gabansa.

"Ina zuwa, Malam?"

"Na yi alkawari."

"Na sani, ina wurin aka yi shi. Amma wa ya ce ba a kulle rumfa da mota a ciki ba ta da lafiya? Ni ce na faɗa ko kai? Motar 'yarka ce. Gama ta, sai ka je ka yi kyautarka."

Ya dube ta. Ya ce, "Da me zan ji ta? Da faɗan naki?"



Ya ce, "Ke kina ganin ban sani ba? Matar da na zauna da ita tun ina da baƙin gashi ba ta taɓa ɗaga min murya ba, rana tsaka ta zama mai masifa, kuma masifar tata har da gefen dama da gefen hagu? Na bar ki ne don faɗan yana miki kyau. Amma wancan bel ne da birki, yaro ma ya gane su. Irin wannan ƙarar kala-kala ce, baki ba ya iya faɗarta. Sai an ji."

Umma ta ce, "Auta, tada motar."

Na tada. Ta kama hannun rigarsa ta ja shi gaban injin, ta ɗaga bonet da kanta, ta zagaya bayansa. Sai ta ɗora yatsarta manuniya a tsakanin kafaɗunsa ta fara bugawa daidai da ƙarar, tak-tak-tak-tak.

Ni dai tun da na yi wayo ban taɓa ganin Umma ta taɓa Baba a gaban mutane ba. Ko kofi za ta ba shi, ajiyewa take ya ɗauka. Mai Faci ya juya ya ba mu baya, ya shiga nazarin sararin sama. Baba ya sandare, wuyansa ya yi tauri, na ce yanzu zai ture hannun. Sai na ga kansa ya karkata gefe, idanunsa sun lumshe.

Ya ce, "Auta, taka kaɗan."

Na taka. Yatsar Umma ta ƙara sauri.

"Saki."

Ta rage.

"To, da juyin inji take tafiya." Ya zaro sandar awon mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa ya duba a haske. "Mai cike yake, kuma mai kyau ne, ni na zuba shi. Ba yunwa ke sa ta kuka ba." Ya miƙa hannu bango ba tare da ya duba ba, ya sauko da sukundirebar da ya rataye ɗazu. Ya ɗora bakinta a kan murfin saman injin, ya riƙe ƙotar a iska, ya tsaya. Sannan ya juya ta wajen Umma.

"Sa kunnenki."

Umma ta kalli ƙotar, ta kalle shi. Ta gyara ɗankwalinta ta fito da kunne, ta manna.

"Ta ƙaru a nan?"

Ta girgiza kai, ta matso da fuskarta inda zai gani. "A nan wata 'yar ƙarama ce mai daɗi, kamar ana tsintar shinkafa. Ba ita ba ce."

"Waɗannan tafet ne, ƙananan ƙarafan saman inji, suna aikinsu." Ya matsar da bakin sukundirebar kusa da fulogi ɗaya bayan ɗaya, tana girgiza kai. Daga nan ta ture ƙotar, ta zagaya gefen motar tana bin ƙarar da kunnenta, har ta tsaya ta nuna ƙasa, ta bayan injin, inda wani murfin gwangwani ya rufe bututun hayaƙi.

"Daga nan take. Kuma Malam, ba bugu ne zalla ba." Ta rasa yadda za ta ce. Ta kama bayan hannunsa, ta ci gaba da bugawa da yatsa, kuma da kowane bugu sai ta hura masa 'yar iska da baki, fu, fu, fu. Tsohuwa da furfurarta tana hura wa tsoho hannu a bakin titi. Na kifa kaina a sitiyari don dariya da kuka sun haɗu sun rasa wanda zai fara fita.

Baba ya ce, "Da iska a ciki?"

"Da iska."

Ya zura hannu a hankali ta gefen murfin, bai taɓa ƙarfen ba, ya riƙe shi a wurin. Umma ta koma bayansa ta ci gaba da bugunta. Muna nan a haka, injin yana ɗaukar zafi, sai na ji ƙarar ta fara laushi kamar kullum. Yatsar Umma ta bi ta, tana sauƙaƙawa, tana sauƙaƙawa, har ta tsaya.

Baba ya waiwayo. "Kin gaji ne?"

"Ni ban gaji ba. Ita ce ta daina."

Ya miƙe tsaye sosai. Ya zagayo tagar direba ya sunkuyo, ya sa idonsa a bakina.

"Kullum haka take yi? In ta yi zafi ta yi shiru?"

Na ce eh.

"Tun yaushe?"

Na faɗa masa. Ba jiya ba ne, ba kuma makon jiya ba.

"Kina jin warin hayaƙi a ciki da safe?"

"Kaɗan."

"Ciwon kai fa?"

Ban amsa ba, fuskar nan tawa ta amsa. Sai ga faɗan da bai yi ɗazu ba ya iso, har da kari. Ya ce in kashe motar in fito. Ya ce inda bututun hayaƙi ya kama jikin inji ne yake yoyo, in ƙarfen ya yi sanyi sai ya buɗe baki hayaƙi ya riƙa tsartuwa, in ya yi zafi ya kumbura ya rufe. Hayaƙin nan kuwa ta ramin iska yake bi ya shigo wa direba, kuma mai kisan cikinsa ba shi da wari.

"Ke da kike ba mutane magani! Kina shaƙar guba kullum safiya, gilashi a rufe, don kada tsoho ya ji kunya? Garin neman gira za ku rasa min ido? In kin yi barci a kan sitiyari, kunnen nawa zan runguma?"

 Ya juya ya shiga neman wata sifana da ke gabansa. Ban taɓa jin ina sonsa kamar lokacin da yake zagina ɗin nan ba, kuma na ji kunya ƙwarai, domin duk abin da ya faɗa haka yake. Umma ma ta sha nata kason, ta karɓa ba musu, abin da ya nuna masifar tata ta haya ce.

Muka jira injin ya huce, muka sha shayin da ya riga shi hucewa. Na kira wurin aiki na ce ba zan samu zuwa ba. Baba ya kwance murfin gwangwanin, ya haska tocila, ya kira mu mu gani: wani baƙin zane na toka a gefen ƙarfen, kamar an shafa kwalli, da ramin ƙusa ɗaya da kanta ya karye ya bar gindin a ciki. Gasket ɗin wurin, wato shimfiɗar da ke toshe mahaɗar, ya ƙone ta gefe guda.

Ciro karyayyar ƙusa aikin haƙuri ne, ya ci mana yinin. Ni ce mai miƙa sifana kamar da, kuma har yanzu in ya ce sha biyu sai in miƙa sha uku. Mai Faci ya rufe sana'arsa ba wanda ya roƙe shi, ya hau babur ya je ya samo sabon gasket da ƙusoshi, ya dawo ya riƙe tocila, bai yi tsokana ko ɗaya ba. Shirun nasa ya dami Baba har ya ce masa, "Kai, in ba ka da lafiya ka faɗa." Da la'asar aka ɗaure komai. Na kai hannu ga makulli, Baba ya ce a'a. Rana ta gasa rumfar, kuma wannan ciwo da sanyin safiya yake nuna kansa, don haka sai gobe za a san gaskiya. Na sake kwana.

Ya wanke hannu da kananzir da sabulu, ya goge kowace sifana ya mayar da ita kan inuwarta. Sannan ya sake fito da makullin rumfa.  Na ɗauka aikin yinin ya wanke maganar, ashe ban san ubana ba har yanzu.

Ya ce, "An gama motar. Alkawari kuma yana nan." Ya miƙa wa Mai Faci.

Mai Faci ya ce, "Wallahi ba zan karɓa ba. In na shigo inuwa, wa zan riƙa yi wa ihu daga ƙetare?"

"Na ce zan miƙa, kuma zan miƙa."

Sai Umma ta sa hannu ta zare makullin daga yatsunsa, kamar tana karɓe wuƙa daga hannun jika. Ta ɗaure shi a bakin zanenta.

"To ka miƙa, na karɓa. Rumfa tawa ce daga yau." Ta tsaya inda zai ga bakinta da kyau. "Ina neman makaniki. Kunne ina da shi, hannu da kai nake nema. Sharaɗina biyu: ba na son makara, kuma ranar da Auta ta samo layi za ka bi ta wurin likitan kunne, ko ya gyaru ko bai gyaru ba."

 Baba ya dubi Mai Faci ko zai samu mai taya shi, ya tarar mutumin ya riƙe ciki yana dariya har da hawaye, dariyar da ya yini yana dannewa.

"Mai Kunne ya zama yaron shago! Allah Ya nuna min!"

Baba ya ce wa Umma, "Aikin da wuya. Tsayuwa ce yini guda."

Ta ce, "Sai ka sa min kujera."

Bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Ya shige gida ya bar mu, kuma da daddare bai kunna rediyo ba. Na kwanta ban san wanda zan tarar da safe ba, makaniki ko tsohon da zai zauna a ɗaki.

Da gari ya waye na fito na ga rumfar a kulle, Baba na tsaye a bakin ƙofa cikin kayan aiki, tsumma a kafaɗa, hannuwa a baya. Umma ta fito a tsanake, ta kwance makulli daga zanenta, ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ba laifi, ka zo da wuri." Ta buɗe. A gefen tsohuwar kujerarsa akwai wata, ta falo, mai matashi. Ban san lokacin da ya shigar da ita ba, sai dai ko jiya kafin a kulle, muna can muna dariya.

Ya ɗaga bonet ya taɓa injin, sanyi ƙalau. Ya tsaya a gabansa ya juya wa Umma baya da kansa, ba wanda ya ja shi. Ta ɗora yatsarta a tsakanin kafaɗunsa. Mai Faci ya ajiye abin da ke hannunsa a ƙetare.

Baba ya ce, "Auta, tada ta."

Na murɗa. Akuya ta tashi, ta zauna a silo ba tare da na taka totur ba, tana numfashi sumul. Na ji, Umma ta ji, Mai Faci ya ji har ya ɗaga hannu sama. Baba kaɗai ke jira, kansa a karkace, ido a rufe, duk jikinsa ya tattaru a wurin da yatsar take. Yatsar ba ta motsa ba. Ya ce in taka, na taka. Ya ce in saki, na saki. Ya ƙara jira.

Sai Umma ta buɗe hannunta gaba ɗaya, ta shimfiɗa tafin a bayansa, ta bar shi a nan.

Baba ya sauke wani dogon numfashi. Bai buɗe ido ba, bai kuma matsa daga ƙarƙashin hannun ba.

Ya ce, "Na ji."